Rediyo Mai Cin Memori Don Sujadar Iyali: Amfaninta da Iyakarta

Ƙaramar rediyon nan mai cin memori da ake sayarwa a shagunan kayan waya na Sakkwato ta shiga gidajen Kirista da dama, ana ɗora mata Sabon Alkawari na murya da Hausa domin sujadar yamma. Ga gidan da iyaye ba su iya karatu sosai ba, ko yara suka fi jin Hausa a kunne fiye da a takarda, ta cancanci kuɗinta.

Memori mai 4GB ya ishi littattafai 27 da surori 260, har da waƙoƙin yabo. Kada a sayi wanda ya haura 32GB, yawancin waɗannan rediyoyi ba sa karanta shi. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce rikicewar surori: Matiyu 1 na ƙarewa sai a ji Matiyu 10. Sau da yawa laifin mai tura surorin cikin memori ne, don bai sa lambobin 01, 02, 03 ba. A gwada a shagon kafin a biya. Batirin kuwa ba ya son zafin Afrilu. In aka bar ta tana caji a ɗaki mai kwano da rana, kumbura yake yi. Lokacin hunturu a riƙa sa ta a leda, ƙura na toshe ramin memori.

Inda iyaye ke kuskure shi ne kunna ta a bar wa yara, uwa na girki, uba na waje. Sauti kawai za su ji. Maimaitawar Shari'a 6:7 iyaye ta ɗora wa koyarwa, a zaune da a tafe. Yaro ɗan shekara biyar zuwa goma, minti goma ya ishe shi. A fara da Markus, surori 16 ne kuma labari na tafiya da sauri; Romawa ta jira tukuna. A tsayar bayan kowane labari, uba ya tambaya: "Auta, me Zakka ya yi da Yesu ya shiga gidansa?" idan an kai Luka 19. Sai yaro guda ya yi addu'a, gobe wani.

Babbar kasawarta ita ce ba ta nuna aya, tsalle daga sura zuwa sura kawai take yi, don haka haddar ayoyi na da wuya sai da Littafi Mai Tsarki a buɗe kusa. A nemi mai maɓallan lamba, ta fi sauƙin nemo sura.