Alƙali ya zo makaranta: yadda na ga aikin takardar haihuwa

Duk mai yaro a aji shida na firamare a nan Garwa ta Kamaru ya sani, ba takardar haihuwa, ba jarrabawar kammala firamare ta CEP. Doka ta ba da kwana 90 a yi wa jariri rajista a ofishin magajin gari. In aka yi sake lokaci ya ja, sai da hukuncin kotu. Shi ya sa da jauro ya yi shela cewa alƙali zai zo ya zauna a wata makarantar unguwarmu, na ja ɗan ƙanena muka tafi. Ubansa direban babbar mota ne, kullum yana tsakanin Ngaundere da Kuseri. Ranar suna ƙaton rago ya yanka, har da maroƙa, amma rajista ko a ransa.

Aikin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Likita ya duba haƙoran yaron da tsayinsa, ya ƙiyasta shekarunsa, ya sa hannu. Ni da maƙwabcinmu muka tsaya shaidu. Alƙalin bai ɗaga wa kowa murya ba, ga tafinta mai jin Fulatanci da Hausa. Wata tsohuwa ta zo da jikarta, aka tambaye ta ranar haihuwa, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, shekarar da Binuwai ta cinye mana masara." Magatakarda ya yi murmushi, ya gane ambaliyar 2012 take nufi, ya rubuta.

Rana kam mun sha ta, babu rumfa. Takardar ma ta daɗe kafin ta fito.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Sunayen da aka kira duk daga hannun shugaban makaranta suka fito. Almajiran da ke leƙe ta katanga da robobinsu, da 'yan matan da suka sayar mana da gyaɗa a layi, babu wanda ya tambayi sunansu. Tun 2000 aka ce firamare kyauta ce, amma kuɗin ƙungiyar iyaye, APEE, na korar 'ya'yan marasa hali, kuma wanda baya aji baya cikin jerin. Su ne gobe za su nemi katin ɗan ƙasa a ce su kawo takardar da ba su da ita.

Wanda zai je, ya tafi da sassafe, da shaidu biyu masu kati, ya kuma karanta sunan yaron harafi-harafi kafin a buga hatimi. Gyaran suna ma sai an koma kotu.