Na shiga kwas ɗin koyon mashin a Kaduna: abin da ya biya kuɗinsa da abin da ya rage

A Mando nake zaune, wajen aikina kuma yana Kakuri. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fara cinye albashi tun kafin wata ya yi rabi, shi ya sa na yanke shawarar sayen mashin ƙirar Boxer. Matsalar ita ce na haura shekara arba'in ban taɓa tuƙa mashin ba, keke kawai na iya. Duk wanda na gaya wa zan biya kuɗi a koya mini sai ya yi mamaki, domin a garin nan yadda ake koyon mashin sananne ne: aboki ko ƙane ya kai ka filin ƙwallo da yamma, ya nuna maka kulochi da giya, ka zagaya har ka daina mutar da inji, gobe ka hau kwalta. Na ga mutane da yawa da suka koya haka kuma suna tuƙi lafiya. Na kuma je dubiya sashen ƙashi na asibitin Barau Dikko, na ga waɗanda aka ɗaure wa ƙafa da ƙarfe. Hanyata ta kullum ita ce baifas ɗin Nnamdi Azikiwe, inda tireloli da tankokin mai ke wucewa dare da rana, don haka na nemi makaranta.

Neman ma ya ɗan ba ni wahala. Makarantun koyon tuƙi suna da yawa a Kaduna, amma kusan duk na mota ne. Wadda na samu ita ma ta mota ce, sai dai tana da malami guda da aka ware wa masu mashin, tana kuma cikin waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da su. Wannan shi ne abin da ya kamata mutum ya fara tambaya kafin ya ciro ko sisi, saboda takardar makarantar da ba a yi wa rajista ba ba za ta kai ka ko'ina ba a wajen neman lasisi.

Darasin aji aka fara da shi, a ɗaki ɗaya da masu koyon mota. Alamomin hanya, ma'anar layukan da aka shata a kan kwalta, wa ke da hanya a shataletale, abin da kowace kalar danja ke nufi. Yana da amfani, amma rabin bayanin na masu sitiyari ne, mu masu mashin muna zaune muna jiran a zo kanmu. Abu biyu na riƙe daga ajin. Na farko, dokar hanya ta ƙasa ta ƙayyade wa mashin gudun kilomita 50 a awa, a cikin gari da kan babbar hanya. Na biyu, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122. Sauran za a iya karantawa a littafin dokokin hanya a gida.

Inda kuɗina ya fito shi ne a fili, hannun malamin mashin ɗin. Dattijo ne mai sanyin magana, tsohon bakanike, kowa yana ce masa Malam. Kafin ya bar kowa ya buga kik sai da ya sa muka tura mashin da hannu, muka ɗora shi a kan ƙarfen tsayuwarsa muka sauke, muka koyi yadda ake ɗaga shi idan ya faɗi ba tare da an ɓalla ƙugu ba. Sannan ya zagaya da mu jikin mashin ɗin: iskar taya, tsaurin sarƙa, baƙin mai, fitila, sigina, madubi, wasan da ke jikin hannun birki. Ya ce a duba waɗannan kowace safiya kafin a fita, bai kai minti biyu ba. Da ya zo kan madubi ya ɗan tsaya, saboda ya san al'adar samarin garin nan ta kwance madubai ranar da aka sayo sabon mashin wai don ya yi kyau. Ya ce wanda ya cire madubi dole ya riƙa waiwaye, kuma duk lokacin da kai ya juya baya hannu yana binsa, mashin ya karkace ba ka sani ba.

Tashi da kulochi da canjin giya ba su ɗauke mu lokaci ba. Boxer giya huɗu gare shi, kunne kuma yana saurin gane kukan inji. Wannan aboki ma zai iya koya maka.

Abin da aboki ba zai koya maka ba shi ne tsayawa, kuma a kansa Malam ya kashe mafi yawan lokacinmu. Kusan kowa a cikinmu ya zo da tsoron birkin gaba. Tun muna yara muke jin cewa idan ka kama na gaba mashin zai wuntsila da kai, don haka mutane suna taka na ƙafa kawai. Malam ya bayyana mana dalilin da ya sa wannan tunanin ke kashe mutane. Idan ka fara tsayawa, nauyin mashin da naka duk gaba suke tafiya, tayar gaba ta ƙara manne wa ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Saboda haka kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa yana a birkin gaba ne. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, taya za ta ƙulle, ta yi ta jan ƙasa, mashin ya ci gaba da tafiya a karkace har ya isa abin da ake gudu. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar hannun birkin a lokaci guda. Ana matsa shi ne a hankali a farko, nauyi ya sauka a gaba, sannan a ƙara matsawa da ƙarfi, ƙafa tana taka na baya tare.

Bai bar maganar a baki ba. Ya ja layi a ƙasa, ya sa kowa ya taho da gudu iri ɗaya ya tsaya da birkin ƙafa kaɗai, ya ajiye dutse inda mashin ya tsaya. Sannan a sake da birki biyu, ya ajiye wani dutsen. Tazarar da ke tsakanin duwatsun nan biyu ta isa a ce yaro ya tsallaka titi a cikinta. Haka muka yi ta maimaitawa har hannu ya saba da kansa. Ya yi mana lissafin da ban manta ba: a gudun kilomita 50, mashin yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya ga Keke Napep ya tsaya ɗaukar fasinja, ƙwaƙwalwa ta sanar da hannu, ka riga ka wuce tsawon motoci uku ba ka taɓa birki ba. Daga nan ya kawo maganar tazara, cewa a bar aƙalla daƙiƙa biyu tsakaninka da na gabanka, a ƙara idan ana ruwa. Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello da yamma wajen babbar kasuwa ya san cewa masu Keke ba sa sanarwa kafin su tsaya.

Akwai wurin da ya ce a sassauta wa birkin gaba: kan yashi, kan laka, da cikin kwana. Bayan ruwan sama yashi yana kwantawa a gefen kwalta a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada, kuma ruwan farko na damina yana tayar da man da ya zuba a kan titi tun rani. A irin nan ana rage gudu ne tun mashin yana miƙe, kafin a shiga. Ya kuma koya mana cewa mashin yana bin ido. Ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa. Ka kalli inda kake so ka bi, hannu zai kai ka. Mun gwada wannan da tsofaffin tayoyi da aka jera a fili, kuma gaskiya ne.

Darasin tirela ya fi kowanne shiga jikina saboda hanyata. Wata rana ya kai mu inda wata babbar mota ke ajiye, ya roƙi direban, muka hau ɗaya bayan ɗaya muka zauna a kujerarsa, shi kuma ya tsayar da mashin a gefen dama daf da tayar gaba. Daga sama ba a ganin komai, ko hular mutum. Ya matsar da shi baya daf da bodi, nan ma babu. Da na sauko ya ce mini, "Alhaji, in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba." Ya ƙara da cewa doguwar mota in za ta karya kwana sai ta buɗe waje tukuna, wannan sararin da ta bari a gefe shi ne tarkon da masu mashin ke shiga, tayoyin baya su rufe da su. Yanzu in na iso Bakin Ruwa ko Kurmin Mashi na ga tanka a gabana, ba na kutsawa ta gefen dama ko da hanya ta yi kamar a buɗe take.

Maganar hular kwano kuwa makarantar ta yi rabi ta bar rabi. Ba a yarda kowa ya hau ba hula, kuma Malam yana duba igiyar haɓa da yatsansa, domin hular da ba a ɗaure ba ita ce ke fara tashi kafin kai ya kai ƙasa. Wannan na yaba. Amma hulunan da suke bayarwa tsofaffi ne, soson ciki ya mutu, wasu ma irin na masu aikin gini ne waɗanda ba a yi su don faɗuwa daga mashin ba. Ana kuma karɓa-karɓa da su cikin zafi. Masu shekaru irin nawa suna tuna watan Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta sanya hula a faɗin ƙasa, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Makarantar da ke karɓar kuɗi don koyar da tsaro bai kamata ta tsaya kusa da wannan matakin ba. Na sayi tawa mai rufe haɓa tun kafin mu yi nisa, kuma ina ba duk mai shiga shawarar ya zo da tasa, da takalmi mai rufe ƙafa. Silifas da babbar riga ba kayan hawa mashin ba ne; bakin riga yana shiga sarƙa ko waya, salansa kuma ba ta san sabon shiga ba.

Sauran ƙorafina guda biyu ne, kuma na biyun ya fi nauyi. Mashinan koyo sun yi kaɗan, don haka mutum yakan shafe fiye da rabin lokacinsa a tsaye a rana yana jiran layi, in kuma ɗaya ya lalace ranar ta tafi. Na biyu, fita kan titi na gaske ta yi kaɗan ƙwarai. An zagaya da mu layukan unguwa marasa cunkoso, Malam yana biye a baya, shi ke nan. Ba a kai mu gadar Kawo ba, ba a shiga da mu shataletalen Stadium lokacin tashi daga aiki ba, ba mu yi tuƙin dare ba, alhali da dare ne fitilar mota ke kashe ido ramuka su ɓace. Ba a kuma koya mana goyo ba. Wannan giɓi ne babba, saboda babu magidancin da zai sayi mashin a Kaduna ya ce ba zai ɗauki iyali ko ya kai yara makaranta ba, kuma mashin mai ɗauke da mutum biyu daban yake tsayawa, daban yake shiga kwana. Da na yi wa Malam magana ya ce tsarin makarantar ne bai ba shi lokaci ba. Daga baya na biya shi daban ya bi ni a baya daga Mando zuwa Kakuri da safe, yana tsayar da ni yana gyara mini. Wannan fitar ta cancanci a sa ta cikin kwas ɗin, ko da za a ƙara kuɗi.

Game da lasisi, kada kowa ya ɗauka gama kwas shi ne samun kati. Lasisin mashin shi ne rukunin A, kuma sai wanda ya cika shekara 18. Makaranta tana ba ka shaidar kammalawa, jami'an gwajin tuƙi su gwada ka, ka biya kuɗin gwamnati, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a cibiyar hukumar kiyaye haɗurra. Ana fara ba da na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya fito. A farashin da aka sanar a 2025, lasisin mashin na shekara 3 naira 7,000 ne, na shekara 5 kuma naira 11,000. Na faɗi wannan ne saboda masu shiga tsakani da ke tsayawa a bakin ofisoshi suna kiran kuɗin da ya ninka haka, wasu har da alkawarin kawo maka kati ba tare da ka je an ɗauki yatsunka ba. Katin da aka yi ba kai a wurin ba, ranar da aka duba shi a kwamfuta za ka gane abin da ka saya. Takardar makarantar tawa ta yi jinkirin fitowa, sai da na yi ta sintiri, amma da ta fito sauran matakan sun tafi daidai.

Wani abin da matasan ajinmu suka yi ta tambaya shi ne ko lasisin zai ba su damar yin acaɓa. Lasisi shaida ce cewa ka iya tuƙi, ba ya ɗage dokar jiha. Tun 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta hana acaɓa a cikin birnin Kaduna, a ƙarshen Satumban 2021 kuma gwamnatin Nasir El-Rufai ta hana hawa mashin gaba ɗaya na wata uku saboda matsalar tsaro. Wanda zai ci bashi ya sayi mashin don haya ya fara zuwa ofishin KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar, ya ji inda aka yarda da inda ba a yarda ba. Mai hawa na kansa kuma ya riƙa yawo da takardun mashin da lambarsa a jiki, domin za a tsayar da shi a tambaya.

Wa zan ce ya shiga? Duk wanda bai taɓa hawa ba, musamman manya da ba su da ƙashin faɗuwa sau biyu. Wanda ya daɗe yana tuƙi da birkin ƙafa kaɗai shi ma zai amfana, ko da darasin tsayawa kawai zai biya. Kafin ka ba da kuɗi ka nemi ganin shaidar rajistarsu, ka ƙirga mashinan da ke aiki ka kwatanta da yawan ɗalibai, ka tambayi sau nawa ake fita babban titi da ko ana koyar da goyo, sannan ka nemi a haɗa ka da malamin mashin ɗin kansa ku yi magana, ba mai karɓar kuɗi a ofis ba.