Wasiƙa Daga Serdang Zuwa Ga Yayana Mai Shirin Zuwa Malesiya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Umma da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin sunanka ya fito cikin malaman da jami'arku za ta turo Malesiya ziyarar ƙaro ilimi. Allah ya sa a zo a sa'a. Ka ce in faɗa maka yadda kaya da hidima suke a nan, abin da ya fi na gida da wanda bai kai ba. Zan faɗa, amma ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, domin akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da irin waɗannan ziyarce-ziyarce.

Tafiyar da nisa. Babu jirgin da zai ɗauko ku kai tsaye, sai kun yada zango a Doha ko Dubai ko Addis Ababa ko Istanbul. Ka riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo, ka kuma cike takardar shigowa ta intanet kafin ku taso. Kuma don Allah, Yaya, kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ƙullin yaji ne. Dokar ƙwaya a ƙasar nan tana kai mutum ga rataya. Za ku sauka a Sepang, kudu da Kuala Lumpur, agogonsu kuma yana gaban namu da awa 7, don haka kwanakin farko barci zai riƙa kama ku a tsakiyar taro.

Na ga a jadawalinku akwai Universiti Putra Malaysia, wadda ake kira UPM. A gefenta nake zaune. Makarantar koyon aikin gona ce da Turawa suka buɗe a 1931, ta zama jami'ar noma a 1971, aka canja mata suna a 1997. Tana cikin jami'o'i 5 da gwamnati ta ware ta ce na bincike ne, take ba su kuɗi na musamman saboda haka. Malamanmu da yawa da TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu ta Najeriya, ta ɗauki nauyinsu a nan suka yi digirin digirgir, har ta kai idan ka shiga masallacin jami'ar ran Juma'a da wuya ka fita ba ka ji Hausa ba.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne wuta. Ba a ɗauke ta, sai dai in an yi tsawa mai ƙarfi ko ana gyara, shi ma gyaran sai an sanar tukuna. Ba wanda ke da janareta a gida, ba wanda ke kwana da tunanin dizal. Kowa ya zo yakan yi wannan magana, ya koma gida ya maimaita ta, shi ke nan. Ni kuwa abin da nake so ka duba shi ne me wutar take haifarwa a aikinku. Ɗalibar da ta ajiye samfurin jini ko na ƙwayar cuta a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili za ta dawo bayan shekara ta same shi yadda ta bar shi. Ka tuna kukan da ka yi min lokacin da aikin ɗalibinka na wata da watanni ya narke a hutun ƙarshen mako saboda man janareta ya ƙare. Ba ƙwaƙwalwa ɗalibar nan ta fi ɗalibinka ba.

Za su zagaya da ku ɗakunan gwaje-gwaje, kuma na san abin da zai faru, domin na sha raka baƙi daga gida. Ana tsayawa gaban babbar na'ura, a tambayi kuɗinta, a girgiza kai, a ɗauki hoto, a wuce. Wallahi abin yana min ciwo. Yawancin na'urorin nan akwai irinsu a jami'o'inmu. Kai da kanka ka nuna min wata a sashenku, an lulluɓe ta da leda, tun da aka kawo ta ba ta yi aikin kirki ba saboda wani ɗan ƙarfe ya lalace, wanda aka koya wa sarrafa ta kuma ya yi ritaya. Don haka idan an kai ku gaban na'ura, ka bar shugaban sashe da manyan baƙi, ka nemi ma'aikacin da ke zaune kusa da ita. A nan kusan kowace babbar na'ura tana da mai ita, wanda aikinsa ke nan, an tura shi ya koyo, kuma ana ganin girmansa. Akwai littafi a gefe da duk wanda ya yi amfani da ita zai rubuta sunansa da lokaci. Ɗalibi yana kama layi tun kafin ranar, ana cire kuɗin aikin daga tallafin binciken malaminsa, kuɗin kuma yana taimakawa wajen sayen sinadarai da biyan masu gyara. Kamfanin da ya sayar da na'urar yana da wakili a Kuala Lumpur ko Petaling Jaya ko Shah Alam, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ana kiransa ya zo. Wannan tsarin nake so ka tambaya filla-filla: wa ke sa hannu a fitar da kuɗin gyara, kwana nawa takarda take yi kafin a amince, nawa ake caji ɗan waje, me ake yi wa wanda ya ɓata abu. Ka roƙi kwafin fom ɗinsu. Ba za su hana ka ba, mutane ne masu son a tambaye su.

Da da hali ma, da kun rage kujera ɗaya daga cikin ta manya kun taho da ma'aikacin ɗakin gwaji ko guda. Ka gwada faɗa wa shugaban tawagarku. Na san maganar tana da nauyi a bakin ƙaramin malami, amma shi wannan ma'aikacin zai ga abin da farfesa ba zai gani ba, kuma shi ne zai zauna da na'urar bayan kowa ya koma ofis.

Tun da kai malamin aikin gona ne, kada ka yarda a bar ku ba ku je Bangi ba, inda hukumar manja ta ƙasar, MPOB, take da cibiyarta. Kusa ne da nan. A gida muna yawan cewa Malesiya a wurinmu ta ɗauki irin kwakwar manja ta zo ta fi mu. Maganar da ƙamshin gaskiya, amma ba haka kawai take ba. Itacen asalinsa na Afirka ta Yamma ne, sai dai ya iso wannan yanki tun 1848, lokacin da aka dasa tsiro 4 a lambun Bogor na Indonesiya, gonar kasuwanci ta farko a nan kuma an buɗe ta a Selangor a 1917. Daga baya, a 1973, masu bincikensu sun je Najeriya sun tattaro iri masu yawa don inganta nasu. A farkon shekarun 1980 kuma suka kawo wani ɗan ƙwaro daga Kamaru mai barbarar furen kwakwa, aikin da a da sai an ɗauki leburori su yi da hannu. Ka ga kenan duk abin da suka ɗauko a wajenmu yana nan a wajenmu har gobe. Abin da suka ɗora a kai shi ne bincike mara yankewa, wanda ake biya da harajin da ake cirewa a kan kowane tan na manja, da kuma shirin FELDA da ya tsugunar da talakawa a gonaki tun daga ƙarshen shekarun 1950. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce a gaba a manja. Yau Indonesiya ce ta ɗaya, Malesiya ta biyu, mu kuma muna sayowa daga waje. Ka tambaye su yadda sakamakon bincike yake barin ɗakin gwaji ya isa hannun manomi, don ina ganin gyaɗarmu da riɗi da auduga a nan ne suka maƙale.

Ɗakin karatunsu ma ka shiga ka zauna, kada ka leƙa kawai. Littattafan kan kanta ba su ne abin kallo ba. Ɗalibi yana kwance a ɗakinsa zai buɗe mujallun bincike na duniya da lambarsa ta makaranta, saboda jami'a ta biya kuɗin shekara. Ba ya bin abokai a ƙasashen waje yana roƙon a turo masa maƙala.

Sufuri ba zai ba ku wahala ba. Tun 2023 jirgin ƙasa na layin Putrajaya yana da tasha a UPM. Ka sayi katin Touch 'n Go ka zuba masa kuɗi, da shi za ka hau jirgi da bas. Mota kuma Grab ake kira ta waya, kuɗin yana fitowa kafin ka shiga, babu ciniki. Ka kula wajen tsallaka titi, a hagu suke tuƙi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu.

Ta fuskar addini hankalinka zai kwanta. Kasuwa, gidan mai, tashar jirgi, ko'ina akwai ɗakin salla da wurin alwala mai ruwa, na maza daban na mata daban. Abinci kuma ka duba tambarin halal na hukumar JAKIM. Shafi'iyya ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, yana kuma ɗaga murya a alƙunutun asuba. Azahar yawanci ba ta shiga sai bayan ƙarfe ɗaya. In kun sami sarari ku tambayi labarin Tabung Haji, asusun adashin aikin hajji da suka kafa tun 1963, wanda manomi ke tara kuɗinsa kaɗan-kaɗan ana juya masa.

To, sai inda gida ya fi, kuma yana da yawa. Nama dai ba a magana. Yawancin jan naman da talaka ke saye a nan na ɓauna ne daskararre daga Indiya, na rago kuma daga Ostareliya, ga tsada. Wanda ya saba da naman da aka yanka da safe a kasuwar garinmu ba zai ji daɗinsa ba. Babu gero, babu dawa, doya sai a shagunan 'yan Afirka da kuɗi mai zafi. Shinkafa ce safe da rana da dare. Akwai nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa a ci da yaji da gyaɗa da ƙananan kifi, akwai roti canai mai kama da waina mai faɗi da ake ci da miyar wake a shagunan Indiyawa Musulmi, waɗanda wasunsu ba sa rufewa dare da rana. Da araha, kuma za ka ƙoshi, sai dai suna sa sukari a miya, abin da har yau harshena bai karɓa ba. 'Ya'yan itace kam sun fi mu iri-iri. Ka ɗanɗana durian, amma kada ka shiga da shi otal, an hana saboda warinsa.

Aikin hannu ma gida ya fi sauƙi da kyau. Shadda mai kyau ba ta nan, telan da zai yi maka kaftani da aiki irin na Kano babu shi, aski da gyaran takalmi duk da tsada. Ka taho da ɗinkinka, amma marasa nauyi, domin zafin nan mai gumi ne, ga ruwan sama kusan kullum da la'asar. Babbar riga ɗaya ta isa don ranar taro. Abokan tafiyarka za su matsa a kai su Low Yat, kasuwar kwamfuta da waya a Bukit Bintang. Kayan na gaske ne, ana ba da rasit da garanti, amma idan ka juya ringgit zuwa naira sau da yawa ribar ba ta taka kara ta karya ba, garantin kuma ba lallai ya yi maka amfani a gida ba. Yamma ɗaya ta ishe ku. Na ga tawagar da kasuwa ta cinye mata rabin kwanakinta.

Asibitin gwamnati ringgit 1 ɗan ƙasa yake biya ya ga likita, baƙo kuwa ninkin-ba-ninkin, saboda haka ka tabbata an yi muku inshora, ka kuma taho da maganin hawan jininka a kwalinsa tare da takardar likita.

Akwai kuma abin da ba na so ka ji a bakin wani. Baƙar fata yana shan kallo a nan. Lokacin da nake neman gidan haya an sha gama magana da ni lafiya lau a waya, da na ambaci ƙasata sai a ce an riga an ba wani. Laifin wasu 'yan uwanmu ne da suka ɓata suna da damfara, amma mai gaskiya ke biya. A cikin jami'a ba za ku ga haka ba, za a karrama ku, kuma mutanen kirki sun fi yawa. Duk da haka zaman nan kowa ƙofarsa a rufe take. Maƙwabcina mutumin kirki ne, muna gaisawa, amma irin zaman da yaro zai shigo da kwanon tuwo daga gidan maƙwabta ba tare da an aika ba, sai a gida.

Ka turo min ranar saukarku da lambar jirgi, zan zo tarbarku in sha Allahu. Akwai wani malami a tsangayar aikin gona da muke salla tare, na yi masa maganarka, ya ce zai ba ka yini guda a gonar gwajinsu ba tare da tawaga ba, don haka ka nemi izinin wannan ranar tun yanzu. In jakarka da wuri ka taho min da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, a ɗaure su sosai, kuma ka nuna su ga jami'an kwastan in sun tambaya. Kilishi kam ka bar shi, suna tsananta dokar shigo da nama.

Ka gaida Umma, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida Anti da yara, da su Baffa in ka je gida.

Wassalam,
Ƙaninka, daga Serdang.