Lucy da Mary: Mace a Barkwancin Talabijin na Amurka

A shirin I Love Lucy na 1951, hani ne tushen dariyar. Lucy matar gida ce mai kwaɗayin hawa dandamali, maigidanta Ricky ya hana, ta ƙulla dabara, dabarar ta watse, ta koma gida. A 1952 tashar CBS ta hana a ce kai tsaye tana da ciki, alhali 'yar wasan da ke fitowa a matsayin Lucy, Lucille Ball, tana da cikin da gaske.

Mary Richards, jarumar shirin The Mary Tyler Moore Show na 1970, kuwa 'yar shekara 30 ce, ba aure, tana aiki a ɗakin labarai a Minneapolis. Da ta gano albashinta bai kai na namijin da ta gada ba, gaban shugabanta ta je ta nemi dalili. An ci gaba sosai, sai dai CBS ta ƙi yarda a nuna ta a matsayin bazawara.