Kafin ka biya kuɗin gwajin ƙashi: wanne ne zai faɗa maka gaskiyar ƙarfinsa?

Itace biyu za su iya zama nauyi ɗaya a kan sikeli, amma ɗaya gara ta riga ta yi masa ɓarna a ciki. Ka ɗora musu kaya, nan za ka gane bambancin. Haka ƙashin mutum yake. Yawancin gwaje-gwajen da ake tallata wa mutane suna auna yawan ma'adinin da ke cikin ƙashi ne, wato kalsiyam da 'yan uwansa, alhali ƙarfin ƙashi ya dogara har da yadda aka saƙa shi.

Ƙashi iri biyu ne a jiki. Akwai ɓawon waje mai tauri, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ƙasusuwanmu. Sai na ciki mai kama da soso, 'yan siraran sanduna da suka tokare juna, wanda ya fi yawa a ƙashin baya da kan ƙashin cinya da wuyan hannu. Idan waɗannan sanduna suka sirance, ƙashi ya yi rauni. Idan kuwa suka tsinke, matsalar ta fi muni, don sandar da ta yanke ba ta tallafar komai ko da sauran sun yi kauri. Faɗi ma yana da tasa rawar: bututu mai faɗi ya fi siriri wuyar lanƙwasawa ko da ƙarfen da aka ƙera su da shi daidai yake.

Bari in fara da abin da ba zan ba ka shawarar saye ba. Sikelin gida mai nuna "nauyin ƙashi" ba ya ganin ƙashinka ko kaɗan. Ɗan ƙaramin lantarki yake turawa ta tafin ƙafa, sai ya yi kintace daga nauyi da tsawo da shekaru. Don duba ƙiba yana da amfani, iyakarsa ke nan. Hoton ƙashi na yau da kullum kuma, irin wanda ake ɗauka in an samu karaya, ba ya nuna zaizayewa sai kusan kashi 30 cikin 100 na ma'adinin ya tafi. Ihu bayan hari.

Na'urar dunduniya mai aiki da sauti ta fi waɗannan. Ka cire takalmi, ka sa ƙafa, cikin 'yan mintuna an gama, babu tiririn hoto (wato hasken X-ray da ke ratsa jiki), kuma ta fi arha. Tana iya nuna wa tsofaffi cewa akwai abin dubawa. Amma ba da ita ake tabbatar da cutar zaizayewar ƙashi ba, ba kuma da ita ake bibiyar ko magani yana aiki ba.

Wanda likitoci suka fi dogaro da shi shi ne DXA, na'urar hoto mai auna yawan ma'adinin ƙashi, wanda ya shigo asibitoci a 1987. Za ka kwanta a kan gado da kayanka, in dai babu ƙarfe ko zif a jiki, hannun na'urar ya bi ta saman ƙugu da ƙasan baya. Tiririnsa bai kai na hoton ƙirji ba. Sakamakon yana zuwa da makin T, wanda ke kwatanta ƙashinka da na matashi mai lafiya, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994: daga -1 zuwa sama lafiya lau, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, -2.5 zuwa ƙasa zaizayewa ce. Ga yara, da matan da ba su daina al'ada ba, da mazan da ba su kai 50 ba, makin Z ake dubawa, wanda ke kwatanta mutum da sa'anninsa.

To amma DXA inuwar ƙashi yake gani, kamar hoton da aka shimfiɗa a takarda. Mai ƙananan ƙasusuwa zai iya samun maki ƙasa da gaskiyarsa. Tsohon da amosanin gaɓɓai ya kama bayansa kuwa makinsa kan hau sama, saboda na'urar tana ƙirga tsiron da ciwon ya haifar kamar ƙashi mai kyau. Masu ciwon suga nau'i na biyu sau da yawa makinsu yana da kyau, amma sun fi sauran mutane karaya. Abin da ya fi ɗaure kai ma, yawancin waɗanda ke karyewa daga ƙaramar faɗuwa makinsu bai sauka zuwa -2.5 ba.

Shi ya sa nake cewa ka tambaya ko wurin yana bayar da TBS. Manhaja ce da ke sake karanta hoton bayan da DXA ya riga ya ɗauka, ta ƙiyasta yanayin saƙar ciki, ba sai ka sake kwanciya ba. Sannan likita ya haɗa da FRAX, lissafin da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008, wanda ke duba shekaru, karayar da ka taɓa yi, ko mahaifi ko mahaifiya sun taɓa karaya a ƙugu, shan taba, da magungunan sitiroyid, ya faɗi yiwuwar karaya cikin shekara 10.

Akwai kuma QCT, gwajin da ake yi da na'urar hoton CT sikan. Yana ganin ƙashi ta kowane ɓangare, yana raba soso da ɓawo. Ya fi tsada, tiririnsa ya fi yawa, don haka a bar wa likita ya nema idan DXA ya rikice.

Mace da ta kai 65, ko wanda ya taɓa karyewa daga faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, ko wanda tsawonsa ke raguwa, DXA na ƙugu da baya shi ne wurin farawa. Mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara. Kada a sha ƙwayar kalsiyam kwana ɗaya kafin gwajin. Idan za a maimaita bayan shekara ɗaya ko biyu, ka koma kan na'urar da aka fara yi maka, ka riƙe takardar farko, domin injinan kamfanoni daban ba sa ba da lamba iri ɗaya.