Azola, dakwid ko kainuwa: wanne za ka saya wa kifinka?

Jama'a masu kiwon kifi a Katsina da Daura, tunda buhun abinci ya koma sai mai hali, kowa ya shiga maganar ciyawar ruwa. To ni dai dakwid nake so, kuma ba na ɓoyewa. Shi ne ɗan mitsitsin ganyen nan kore da ke rufe saman ruwa, girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ko ya ɗan fi ba. In ya samu ruwa mai taki, furotin ɗinsa a bushe yana kai 35 cikin 100, ba shi da zare da yawa, karfasa tana haɗiye shi ɗanye kai tsaye, kuma cikin kwana biyu zuwa huɗu yana iya ninka kansa. Abin da ya fi burge ni, ruwan da kake zubarwa in ka canja wa tarwada, mai warin nan da maƙwabta ke ƙorafi, shi ne takinsa. Ka shimfiɗa tampol, ruwa kamar taƙi ɗaya, ka kare shi daga iska don tana tattara shi gefe guda, shikenan.

Azola, wata 'yar ciyawa mai yawo a saman ruwa, ita ma ba laifi, furotin wajen 20 zuwa 30 cikin 100, tana samo wa kanta nitirojin daga iska amma tana son fosfaras. Matsalarta zafi, da ya haura digiri 35 sai ta fara ja tana mutuwa, mu kuwa Afrilu da Mayu 40 muke sha. In babu rumfa kar ka fara. Dakwid ma yana son 'yar inuwa a bazara, sai dai ni ya fi jure mini. Kainuwa kam zare ce da ƙaiƙayi, a bar ta. Bado kuma a bar wa masu cin ƙwayarsa.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Duk wanda ya ce maka a Facebook ko WhatsApp wai da ciyawa ka rabu da sayen abinci har abada, maƙaryaci ne wallahi. Ɗanyen ganyen nan sama da 90 cikin 100 ruwa ne, kilo goma in ka shanya da ƙyar ka samu ɗaya. Tarwada kuma tana buƙatar furotin wajen 40, ba karfasa ba ce, sai dai ka busar ka niƙa ka haɗa kaɗan cikin abincinta, kamar kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa. An taɓa turo mini iri a mota daga kudu, an ƙulle leda tam, kafin ya iso tasha ya ruɓe ya yi baƙi, na kira mutumin ya toshe lambata. Wasu kuma kududdufi suke zuwa su kwaso, da gansakuka da ƙwan kwaɗo da ƴan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, su ce maka irin ƙasar waje ne. Wasu su auna maka da ruwa a jiki, ka biya kuɗin ruwa.

Don haka Malam, ka je da ƙafarka wajen mai noma shi kusa da kai, ka ga tankin da idonka, ka sa ya tsame a rariya kafin awo. Kar ka sayi fiye da cikin roba ɗaya, iri ne zai haihu. In ka kawo gida ka ɗauraye, ka ajiye a baho daban sati guda kafin ya kusanci kifinka.