Sarauniya ko mai kwaikwayonta? Amsar tambayar Malama Hadiza

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malama Hadiza ta turo hotuna biyu na malam-buɗe-littafi da ta ɗauka a wani fili a Agege, dukansu ruwan lemo, bakin fukafukansu baƙi da ɗigon fari, tana tambaya ko iri ɗaya ne. Malama, ba iri ɗaya ba ne, ko dangi na kusa ma ba su ba ne. Na farko Danaus chrysippus ne, wanda ake wa laƙabi da sarauniyar Afirka. Na biyun macen Hypolimnas misippus ce, wadda ke kwaikwayon kamannin sarauniyar.

Dalilin kamar shi ne guba. Tsutsar Danaus ganyen tumfafiya take ci, irin wadda ake sa ruwanta a daskarar da madara wajen yin wara. Dafin ganyen yana zama a jikinta har ta yi fukafukai, tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ɗaya kuwa sai ya yi amai, daga nan ya riƙa gudun duk mai irin launin. Ita Hypolimnas ba ta da wannan kariyar, sai ta fake da kama. Henry Walter Bates, ɗan Ingila, shi ya yi bayanin irin wannan kwaikwayo a 1862 bayan zamansa a dajin Amazon.

Saboda haka kada ki dogara da launi, domin a nan ne aka shirya ruɗin. Fiffiken baya za ki duba.

A Danaus akwai ɗigo baƙaƙe uku a tsakiyar fiffiken baya. Idan namiji ne za ki ga na huɗu, ya fi sauran girma, ya ɗan kumbura, jakar ƙamshi ce da yake amfani da ita wajen neman mace. A macen Hypolimnas, in an duba ta sama, tsakiyar fiffiken wayam take, ɗigo ɗaya ne a can kusa da gefen gaba. Ni wannan alamar na fi yarda da ita fiye da kowace, kuma tana fitowa ko a hoton waya muddin an matsa kusa. Sai gefen fiffiken: na Danaus kusan sumul yake, na Hypolimnas yana da lanƙwasa-lanƙwasa kamar bakin leshi.

Akwai kuma abin da ya sauƙaƙa mana mu mazauna Legas. A Afirka ta Yamma kusan duk Danaus ɗin da za a gani nau'in alcippus ne, mai farin fiffiken baya. Masu kallon hotunan Indiya a intanet sukan ruɗe a nan, don na can ruwan lemo ne gaba da baya. Macen Hypolimnas kuwa tana zuwa kala-kala: wata bayanta ruwan lemo zalla, wata da ɗan fari, wata ma babu baƙi da farin nan na tsinin fiffiken gaba. To idan kin ga mai ruwan lemo har baya a Agege ko Idi-Araba, fara zargin Hypolimnas, sannan ki tabbatar da ƙirga ɗigo. Haka hotonki na biyu yake.

Tashinsu ma ya bambanta. Danaus tafiya take a hankali, tana lilo a iska, ba ta damu da kowa ba. Hypolimnas takan yi irin wannan tafiyar, amma da an firgita ta sai ta zabura da gudu. Namijinta kuwa ba ya kama da kowa: baƙi ne wuluk, da manyan fararen tabo masu siffar ƙwai, kewaye da shuɗi mai ƙyalli. Yakan zauna kan ganye yana gadin wurinsa, yana korar duk mai wucewa. In kin gan shi, matan na nan kusa.

Ta uku da ke shiga tsakani ita ce Acraea encedon, amma ba ta da wuya. Ta fi su ƙanƙanta, fukafukanta dogaye ne sirara, gindin fiffiken baya cike da ƙananan ɗigo baƙaƙe barkatai, sun wuce a ƙirga su da kallo ɗaya. Tsutsarta balasa take ci, ita ma tsuntsaye ba sa son ta.

Don gwaji, a nemi inda tumfafiya ta fito, musamman filayen yashi na wajen Lekki da Badagry. A juya ganyen: tsutsa mai zoben baƙi da fari da rawaya, da siraran ƙahoni shida masu laushi, ta Danaus ce. Ta Hypolimnas baƙa ce mai ƙayoyi, ba a kan tumfafiya ake samunta ba. Wanda ya samu dama ya leƙa Lekki Conservation Centre, cibiyar kiyaye daji da namun dawa wadda aka buɗe a 1990, ya je da hantsi lokacin da suke shan rana a natse. Ina roƙon 'yan uwa kada a kama su da hannu, ƙurar fukafukansu na gogewa. Malama, in kin koma filin, ki jira ta rufe fukafukai ki ɗauko mana ƙasansu, domin ɗigon ya fi fitowa sarai ta nan.